Lebamisol: yadda ake rufe bakin enzayim ɗin da ba a gayyata ba

Kwana uku na yi ina fama da wasu yankan ƙodar ɓera guda goma sha biyu, daskararru, kowanne kaurinsa maikuromita 8. Rana ta huɗu na ɗora su ƙarƙashin madubin ƙara girma, ina murna tun kafin in daidaita ido, domin launi ya fito fes. Ƙananan bututun ƙodar nan duk sun sha shunayya, bakin kowanne ya yi zobe sai ka ce da alƙalami aka zana. Murnar ba ta kai minti biyu ba. Na ɗauko gilashin da ban ɗiga wa antibodi ba ko kaɗan (sinadarin da ke maƙale wa furotin ɗin da ake nema, ɗauke da enzayim mai fitar da launi), wanda ya kamata ya fito fari fat, na tarar shi ma ya rine daidai da 'yan'uwansa. Ashe ba furotin ɗin da nake nema nake kallo ba. Enzayim ɗin ƙodar ne da kansa, alkalin fosfatas, ya cinye abincin da na zuba, wato sinadarin da enzayim ke juyawa ya zama launi, ya yi mini kwalliyar da ban tambaya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na sa lebamisol, maganin da ake sawa don ya danne wannan enzayim na nama. Na jiƙa yankan a cikinsa minti 20, na wanke sau uku kamar yadda na saba yi bayan haidurojin feroksaid, sannan na ci gaba da aikina hankali kwance. Babbar ma'aikaciyar ɗakin gwajin, wadda ta kusa haihuwata, ta leƙa madubin, ta leƙa littafin aikina, ta ce, "Ɗana, ka ɗauki mai gadi, ka sallame shi tun la'asar, sannan kana mamakin an shiga gidan da dare?"

Tun daga ranar nake koya wa duk wanda ya zo hannuna aikin wannan farin gari, kuma ga yadda nake koyar da shi.

Daga garken tumaki zuwa teburin gwaji

A jikin kwalba za ka ga an rubuta levamisole hydrochloride. Asalinsa maganin tsutsar ciki ne. Kamfanin Janssen da ke garin Beerse a Beljiyam ne ya fito da shi a 1966, da farko a matsayin tetramisol, wanda gauraye ne na sinadarai biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. Daga baya aka gano na hagun ne ke da ƙarfin kashe tsutsa, aka ware shi, shi ne lebamisol. Na daman sunansa deksamisol, kuma ka riƙe sunan, zai yi mana amfani a gaba. Har yanzu ana ba shanu da tumaki da awaki lebamisol, kuma ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A Amurka an amince a 1990 a riƙa haɗa shi da fuloroyurasil wajen jinyar sankarar babban hanji, sannan aka janye shi daga kasuwar mutane a 2000, saboda a jikin wasu yana karya yawan fararen ƙwayoyin jini har garkuwa ta zube.

A jikin tsutsa aikinsa a fili yake. Yana kwaikwayon asetilkolin, sinadarin da jijiya ke aika wa tsoka don ta tsuke. Ya zauna a ƙofar da asetilkolin ke buɗewa, ya riƙe ta a buɗe, tsokar ta ƙanƙame ba ta saki, tsutsa ta sandare, hanji ya fitar da ita. Amma abin da ya kawo shi teburinmu wani hali ne daban, wanda babu ruwansa da tsutsa. A farkon shekarun 1970 Herman Van Belle, mai bincike a kamfanin na Janssen, ya nuna cewa maganin yana danne enzayim ɗin alkalin fosfatas, kuma ba kowane iri yake dannewa ba.

A nan gizo ke saƙar. Alkalin fosfatas, wanda za mu riƙa cewa AP a taƙaice, aikinsa ɓalle fosfet daga jikin wasu sinadarai, kuma ya fi kuzari a ruwa mai kanwa-kanwa, wajen pH 9 zuwa 10. A jikin mutum ƙwayoyin gado huɗu ne ke samar da shi. ALPL ke ba da na hanta da ƙashi da ƙoda, shi ne kuma ke jikin bangon ƙananan hanyoyin jini da wasu fararen ƙwayoyin jini. ALPI na hanji ne, ALPP na mabiyiya, na huɗun na ƙwayoyin haihuwa. Lebamisol yana shaƙe na farkon da ɗan kaɗan, goma-goman maikuromola ma sun isa su rage shi sosai. Na hanji kuwa ko a jikinsa, sai an cika masa hannu ƙwarai. To kamfanonin da ke liƙa AP a jikin antibodi daga hanjin ɗan maraƙi suke samo shi. Ka ga kenan in ka zuba lebamisol daidai gwargwado, enzayim ɗin naman da kake dubawa zai yi shiru, naka da ka sayo ya ci gaba da aiki. Iyakar dabarar kenan.

Sai batun mai gadi. Haidurojin feroksaid da ake kashe feroksidas, wani enzayim ɗin rini, da shi lalata enzayim ɗin yake yi gaba ɗaya, in ya gama sai ka wanke ka wuce. Lebamisol ba ya lalata komai. Riƙewa yake yi, in ka wanke ya saki. Bugu da ƙari, ba ya ma kama enzayim ɗin da ke zaune haka kawai, sai wanda ya riga ya ɗauki abinci ya fara aiki, fosfet na maƙale a jikinsa. A wannan gaɓa yake shiga ya hana shi ƙarasawa. Saboda haka jiƙon da na yi na minti 20 ba tare da abincin enzayim ba, zuba ruwa ne a kwando. Wurin zamansa cikin ruwan rinin ne, tare da abincin, tun daga farko har ka tsayar da aikin.

Haɗa shi

Duba kwalbarka da kyau kafin ka taɓa sikeli. Nauyin mol ɗaya na lebamisol haidurokulorayid giram 240.75 ne. Na zallar lebamisol, wanda ba gishirin ba, 204.29 ne, kuma shi intanet ta fi saurin ba ka in ka nema a gaggauce. In ka yi lissafi da na biyun alhali na farkon ke hannunka, haɗinka zai fito kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙarfin da ka rubuta. In kuma tetramisol ne a kwalbar, ninka awon, tunda rabinsa na dama ne, kuma na dama ba ya danne AP.

Ni kakkauran haɗi na milimola 100 nake yi. Auna miligiram 241, narkar a ruwa mai tsabta na gwaji har ya cika mililita 10. Nan da nan yake narkewa, ba sai ka ɗumama ba. Za ka ga wasu littattafan aiki na cewa a yi na mola 1, wato miligiram 241 a mililita ɗaya tak. Ba na so. Ya yi kusa da iyakar abin da ruwa ke iya ɗauka, in ya sha sanyi sai ka tarar ya kwanta a gindin roba, kai kuma ka ɗebi na sama kana zaton ƙarfinsa na nan. Da na milimola 100 lissafi ma ya fi sauƙi: maikurolita 10 a kowace mililita ta ba ka milimola 1.

Raba shi a ƙananan robobi, rabin mililita-rabin mililita, ka rubuta suna da ƙarfi da kwanan wata, ka jefa firiza a digiri 20 ƙasa da sifiri. A ruwa zalla ko mai ɗan tsami yana daɗewa, amma a ruwa mai kanwa-kanwa a hankali yake warwarewa. Don haka kada ka zuba shi cikin babbar kwalbar bafa (ruwan da ke riƙe pH kada ya canza) mai pH 9.5 ka ajiye ta wata guda don ka huta. Ranar aiki ake zubawa.

Abu biyu da nake hanawa da babbar murya. Na farko, kada ka yi dabarar amfani da maganin dabbobi a maimakon na gwaji. An gauraya shi da abubuwan da ba a lissafa maka ba, wani an haɗa shi da maganin tsutsar hanta, wani na allura kuma gishirin fosfet ne, fosfet ɗin da shi kansa yana danne kowane irin AP har da naka. Na biyu, guba ne in an haɗiye shi. Sa safar hannu, kada ka shaƙi ƙurarsa wajen awo, kuma na kwalbar gwaji ba na sha ba ne, ba na ba dabba ba ne.

Ranar rini

Tun daga wankin farko ka bar bafar fosfet, wadda kowa ya sani da PBS, ka koma ta Tris. Wannan kuskuren ya fi na lebamisol yawa. Fosfet shi ne abin da enzayim ɗin ke fitarwa, in ya taru a kansa sai ya ja masa birki, ka zauna awa biyu kana jiran launi kana zargin antibodi. Haka EDTA: AP ba ya aiki sai da zinki da magniziyam, ita kuwa EDTA kwashe su take yi. Duba duk wani ruwa da zai taɓa yankan, har da wanda ka tsarma antibodi da shi.

Bayan antibodi mai ɗauke da AP ya gama zamansa ka wanke da bafar Tris, sai ka saba wa yankan da bafar rini. Wadda nake amfani da ita ga NBT da BCIP, sinadaran rinin, ita ce Tris milimola 100 a pH 9.5, gishirin sodiyam kulorayid milimola 100, magniziyam kulorayid milimola 50, da Tween-20 kashi 0.1 cikin ɗari. Sabuwa nake haɗawa kullum daga kakkauran haɗin kowanne, domin in ta kwana biyu tana shan iska pH ɗinta na sauka, wani lokaci ma ta yi hazo-hazo. A nan lebamisol ke fara shiga: maikurolita 10 a kowace mililita. Wanki biyu, minti 5 kowanne. Wannan ba don ya kashe wani abu ba ne, don dai ya riga ya ratsa naman ne, abinci na isowa ya tarar da shi a wurin.

Ruwan rinin kansa, a kowace mililita ta wannan bafa mai lebamisol, maikurolita 4.5 na NBT mai ƙarfin miligiram 75 a mililita, da maikurolita 3.5 na BCIP mai miligiram 50 a mililita. In haɗaɗɗen ruwan kamfani kake amfani da shi, karanta takardarsa tukuna, wasu sun riga sun sa lebamisol a ciki, wasu ba su sa ba. Zuba, rufe daga haske, bar shi a zafin ɗaki. Abin da ke faruwa a ciki shi ne AP ya ɓalle fosfet daga BCIP, abin da ya rage ya haɗu da ɗan'uwansa ya zama shuni, a garin haka kuma ya juya NBT ya zama ƙura mai duhun shunayya wadda ba ta narkewa, ta kwanta daidai inda enzayim ɗin yake. Leƙa bayan minti 10, sannan duk bayan minti 15. Kyan AP shi ne haƙuri, yana iya yin awanni yana tara launi ba ya gajiya, shi ya sa ake son sa ga abin da ya yi ƙaranci a nama. Amma wannan haƙurin kaifi biyu ne. Lebamisol ragewa yake yi ƙwarai, ba sharewa ƙaƙaf ba, ɗan abin da ya tsira daga enzayim ɗin naman in ka ba shi dare guda zai nuna kansa. In rinin zai wuce awa huɗu ko biyar, nakan zubar in sa sabo mai sabon lebamisol.

In launi ya kai inda kake so, tsayar da shi. A nan maƙiyan nan biyu suka zama masoya: wanke da PBS, ko da Tris mai EDTA milimola 1, aikin ya tsaya cak. Rufe da man rufi mai ruwa. Fast Red, ga masu son ja, narkewa yake yi a alkohol, in ka bi da shi ta jerin alkohol da zayilin kamar sauran gilasai za ka ɗauko gilashi wayam. Bafarsa ma ba ta kai wannan kanwa ba, wajen pH 8.2 ce, amma lebamisol ɗin dai milimola 1 ne.

Nawa ya isa? Milimola 1 ke wadatar da yawancin nama. Ƙoda da ƙashi mai girma sukan so 2, wani lokaci har 5. Kada ka ce bari in zuba 10 in huta, garin neman gira ka rasa ido, domin in ya yi yawa na hanjin maraƙin ma ya fara laushi, siginarka ta dushe. Hau da shi mataki-mataki kana kallon gilasan shaida. Sannan ka san irin yankan da ke gabanka. Daskararren yanka da aka kafe da asiton enzayim ɗinsa na nan da ransa, shi ya fi buƙatar maganin. Wanda ya bi ta fomalin da kakin farafin, balle in an dafa shi don fito da antijin, wato abin da antibodi ke kamawa, yawancin enzayim ɗinsa ya riga ya mutu. Duk da haka nakan sa, maikurolita goma ba ta talauta kowa.

Gilasan shaida

Da a ce ban ajiye gilashin nan marar antibodi ba, da na ɗauki hoto na kai gaban manya ina taƙama. Yanzu huɗu nake jerawa duk lokacin da na fara sabon nama, daga yanka masu bin juna. Na farko ruwan rini kawai, babu antibodi, babu lebamisol. Shi ke nuna maka taswirar enzayim ɗin naman, kuma ka kalle shi da kyau ka haddace, domin duk ranar da siginarka ta yi kama da wannan taswira sai ka yi shakka. Na biyu ruwan rini da lebamisol, babu antibodi. Ya kamata ya fito fari. Na uku an tsallake antibodi na farko, an sa na biyu mai AP, da lebamisol. In na biyu ya fito fari amma na uku ya rine, to laifin ba na enzayim ɗin nama ba ne, antibodinka ne ke maƙalewa inda ba a aike shi ba, kuma ko buhun lebamisol ka juye ba zai gyara ba. Na sha ganin ɗalibi yana ƙara awo yana ƙarawa alhali matsalarsa ta toshe wuraren da antibodi ke maƙalewa a banza ce da ruwan jini, ko ta tsarma antibodi. Na huɗu shi ne cikakken aikin.

Akwai wani ɗan gwaji na minti goma da nake so. Ɗiga maikurolita ɗaya na tsarmammen antibodi mai AP a kan ƙyallen naitiroselulos guda biyu, bari su bushe, ka tsoma ɗaya a ruwan rini mai lebamisol, ɗaya a marar shi. In ɗigon biyu sun yi duhu kusan ɗaya, awonka bai taɓa enzayim ɗinka ba.

Inda ba ya cin kasuwa

Hanji. Dalilin da ya sa dabarar ke aiki shi ne ya sa ta faɗi a nan: enzayim ɗin da ke shimfiɗe a fuskar ƙaramin hanji ɗan gida ɗaya ne da wanda ka sayo, abin da bai kama wannan ba ba zai kama wancan ba. Ga shi kuma da taurin rai, yakan tsallake kafewar da ta kashe sauran. Mabiyiyar mutum ma haka, nata ba ya jin lebamisol sosai, kuma yana jure zafin digiri 65 da ke kashe na hanta da ƙashi. Akwai masu tsoma yankan hanji a asid ɗin asetik kashi 20 cikin ɗari na ɗan lokaci kafin su sa antibodi. Yana kashe enzayim ɗin, amma sau da yawa ya tafi da antijin ɗin da kake nema. Ni ra'ayina, in aikinka na hanji ne, bar AP gaba ɗaya ka koma feroksidas ko antibodi mai ƙyalli. Ba kowace rigima ce sai an yi ta ba.

In kana son ka ga halinsa da idonka

Ga wanda ke koyar da ɗalibai saurin aikin enzayim, ban san wani misali da ya kai wannan tsabta ba. Littafi yana lissafa masu danne enzayim iri-iri, amma irin wanda ba ya kamawa sai bayan abinci ya shiga ba a cika samun sa a saukake ba, ga shi kuwa a firizarka.

Abincin shi ne pNPP, wanda ba shi da launi, in an ɓalle fosfet ɗinsa ya koma rawaya, a karanta a nanomita 405. Samo enzayim daga niƙaƙƙiyar ƙoda ko ƙashi, ko ruwan jini. Bafa mai pH 9.8 zuwa 10 da ɗan magniziyam. Jera ƙarfin pNPP kamar shida, wasu ƙasa da Km (ƙarfin abincin da ke kai enzayim rabin iyakar saurinsa) wasu sama da shi, ka maimaita jerin sau uku: babu lebamisol, da maikuromola 25, da 100. Auna saurin farko kawai, mintunan da layin ke miƙe, kafin fosfet ya taru ya shigo da nasa dannewar. Abin da za ka gani shi ne Vmax, wato iyakar saurin, ya sauka, Km ma ya sauka da gwargwado ɗaya, in ka zana a jadawalin Lineweaver da Burk layukan uku su fito a jere ba sa haɗuwa, kamar layin dogo. Ma'anarsa a aikace tana ba ɗalibai mamaki: ƙara abinci ba ya korar lebamisol, sai ma ya ƙara masa wurin kamawa. Shi ya sa yake aiki da kyau a ruwan rini inda abinci ya yi yawa.

Maimaita da AP na hanjin maraƙi, layukan su kusa hawa kan juna. Sannan ka kawo L-fenilalanin milimola 5, ka ga labari ya juye, na hanji ya sauka na ƙoda bai damu ba. Da waɗannan biyun da kuma zafi ake rarrabe ire-iren AP a ruwan jini tun kafin a samu hanyoyin zamani. In ruwan jinin mutum kake gwadawa ka ga wani kaso ya ƙi jin lebamisol, kada ka yi saurin zargin haɗinka. Na hanji yakan ƙaru a jini bayan an ci abinci mai maiƙo, musamman ga masu rukunin jini O da B, na mabiyiya kuma yana hawa a watannin ƙarshe na ciki.

Gargaɗi ga masu renon ƙwayoyin ƙashi a faranti. AP na ƙashi yana farfasa fairofosfet, wanda ke hana ma'adinai kwanciya, don haka in ka sa lebamisol kwanciyar ma'adinan ta ragu. Gwaji ne mai kyau, amma magani ne da ke da hannu a wurare da yawa a cikin rayayyar ƙwaya, ba AP kaɗai ba. A nan deksamisol ke da rana. Komai nasu ɗaya in ban da juyin hannu, kuma ba ya danne AP. In na dama ya yi abin da na hagu ya yi, to ba ta hanyar AP abin ya bi ba.

Kwalba ɗaya, aiki na biyu

A yawancin ɗakunan gwaji masu aikin tsutsar C. elegans su ke ƙarar da lebamisol. Ita wannan tsutsa tsawonta kamar milimita ɗaya ne, jikinta garau ana ganin ciki, kuma Sydney Brenner ne ya mayar da ita dabbar bincike, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002. Matsalarta ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Sai a koma wa ainihin sana'ar maganin.

Narkar da agaros kashi 2 cikin ɗari a bafar M9, ɗiga a gilashi, danne da wani gilashin ya zama siririyar shimfiɗa. Ɗiga maikurolita 3 zuwa 5 na lebamisol, milimola 1 zuwa 5 a M9, ɗebo tsutsotsi da wayar filatinam ka sake su a ciki. Da farko za su yi ta mutsu-mutsu fiye da da, sannan su gajarce, su miƙe kamar tsinke. Minti 5 zuwa 10 ya isa, ka rufe ka ɗauki hotonka cikin rabin awa. Ka tuna ba barci ka sa su ba, ƙanƙamewa ce. Tsawon jikin da ka auna a haka ba nasu ba ne. Tsokar da ke fitar da ƙwai ita ma tana tsukewa, sai ka ga ƙwai warwatse a gefen uwa, don haka ba a ƙirga ƙwan ciki bayan an sa shi. Duk abin da ya shafi surar tsoka ko mahaɗarta da jijiya, gwada shi kuma da wata hanyar tsayarwa, kamar ƙananan duwatsun folistirin a kan agaros mai kauri, ka ga ko sakamakon ya zo ɗaya.

Wata rana za ka ɗiga maganin ka jira, tsutsa na ta yawonta. Kafin ka zubar da haɗinka duba irin da ka ɗauko. Ƙofar da lebamisol ke buɗewa a tsokar wannan tsutsa ginin furotin biyar ce, UNC-29, UNC-38, UNC-63, LEV-1 da LEV-8, kuma da maganin kansa aka gano yawancinsu: aka zuba shi a faranti, aka tsince tsutsotsin da suka ƙi sandarewa, aka bi sawun ƙwayoyin gadon da suka lalace. Irin da ya rasa UNC-29 ko UNC-38 ba ya jin lebamisol, yana kuma iya ɗan motsi saboda tsokar na da wata ƙofar asetilkolin ta biyu, ACR-16, wadda nikotin ke buɗewa amma lebamisol bai iya ba.

In kuma sandarewar ce kanta kake son aunawa, zuba maganin cikin agar ɗin farantin tun wajen haɗawa, ka yi faranti duka rana ɗaya don bushewarsu ta zo ɗaya, tunda faranti mai bushewa ƙarfin maganinsa ya fi. Sa tsutsotsi 20 zuwa 30 masu shekaru ɗaya, wato waɗanda ka tsince a matakin L4, na ƙarshe kafin balaga, jiya. Duk minti 10 ka taɓa kowacce da waya a kai da wutsiya, wadda ba ta motsa ba ka ƙirga ta. Ka ba wani ya rufe sunayen farantan da tef ya sa musu lambobi kafin ka fara, kada ya gaya maka wanne ne wanne sai ka gama ƙirga, domin hannun da ya san wace tsutsa yake so ta motsa yakan ɗan ƙara mata tsikari.